Yadda unguwa za ta riƙa tunawa da mutanenta da suka rasu a harin Masallacin Juma'a na Kano

Ka tare duk Bakanon da ya mallaki hankalinsa a 2014, ka tambaye shi abin da ya faru ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, zai ba ka labari tiryan-tiryan. Zai ce maka an tayar da sallah ke nan a Babban Masallacin Juma'a na cikin gari, jikin gidan Sarki, sai bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga kuma suka buɗe wa masu neman hanyar tsira wuta. Zai ce an rasa mutum sama da ɗari, waɗanda suka jikkata kuwa sun fi haka yawa. To, ce masa ya kawo maka sunan mutum biyar daga cikinsu. A nan baki yake mutuwa, sai dai in abin ya taɓa gidansu.

Wannan "sama da ɗari" ɗin ne yake damuna. Ni tsohon malamin firamare ne, kuma ni nake riƙe da littafin kwamitin masallacin unguwarmu a cikin birni. Mun rasa mutane a ranar, wasu kuma har yau suna yawo da tabon ta a jikinsu. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda muke gudanar da namu tunawar, don duk unguwar da take son yi ta sami inda za ta kama. Ba sai an jira gwamnati ba, ba kuma sai an tara miliyoyi ba. Littafi ɗaya da mutum huɗu ko biyar masu amana sun isa a fara.

A fara da sunaye

Ku sayi babban littafi mai bangon kwali, irin na rajistar makaranta. Kowane mamaci a ba shi shafinsa guda, kada a jera su layi-layi kamar masu karɓar taki. A saman shafin a rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, sannan laƙabin da aka san shi da shi. Laƙabin nan kada a raina shi, domin a Kano sunan yanka ba ya nuna mutum, sai ka ce wane tela, wane mai shayi, wane na gidan wane, sannan a ce, "Allah sarki, shi ne?" Bayan haka sai shekarunsa, sana'arsa, layin da yake, maƙabartar da aka kai shi, da waɗanda ya bari: iyaye, mata, 'ya'ya da shekarun kowannensu a lokacin.

Wanda bai cika a masallaci ba, sai bayan kwanaki ko watanni a gadon asibiti ko a gida, shi ma na ranar ne, a sa shi. Wanda ya fita sallah bai dawo ba, aka duba asibitoci ba a ga gawarsa ba, a ware masa shafi a wani ɓangare na daban, a rubuta abin da danginsa suka sani kawai.

Sunayen 'yan unguwa ba su da wahalar samu, mai unguwa da liman sun san su. Wahalar tana wajen waɗanda ba su da gida a gari. Ƙarshen Nuwamba lokaci ne da aka gama girbi, 'yan cirani sun fara shigowa. Akwai mutumin ƙauye da ya zo sayayya Kasuwar Kurmi ya ce bari ya sami Juma'a kafin ya juya. Akwai almajirai, akwai yara masu tallan ruwa da goro da turare a bakin harabar, akwai mabarata da suke zama a ƙofofi duk Juma'a. Su ne waɗanda aka fi saurin mantawa da su, saboda babu mai zaman makokinsu a cikin gari. Don haka ku taka ku je wurin alarammomin tsangayun da ke kusa da ku, ku je wurin shugabannin 'yan kasuwa da na 'yan dako, ku je wurin sarkin makafi da sarkin guragu. Mutanen nan sun san nasu, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba. Ko da sunan fari da sunan ƙauye kaɗai kuka samu, ku rubuta.

Shiga gidan mamaci

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Kada ku faɗa wa mutane gida kwatsam. A aika tukuna ta hannun mai unguwa ko wani dattijo da gidan suke ganin girmansa, a tambayi lokacin da ya dace. Bayan la'asar ya fi. Mutum biyu sun isa. Tawaga tana sa mai gida ya ɗauka wani abu aka kawo. Maza su tsaya a soro su gana da maza, mata su shiga wurin mata. Kwamitin da babu mata a cikinsa rabin labari zai samo, domin uwa da matar mamaci su suka san shi ciki da bai, kuma ba za su buɗe baki gaban baƙon namiji ba.

Littafin ya zauna a jaka har a gama gaisawa. Ni yadda nake farawa ke nan:

"Baba, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma."

In ya amsa, an ɗan taɓa hira, sai in ce:

"Baba, maganar marigayi ce ta kawo mu. Muna so mu rubuta sunansa a littafin masallaci, don 'yan baya su san shi su sa shi a addu'a. Ba tallafi muka kawo ba, ba kuma wani ne ya aiko mu ba. In kun yarda, to, in kuma ba ku so, wallahi babu komai."

Maganar tallafin nan dole a faɗe ta tun farko, a fili. Gidaje da yawa an sha zuwa ana rubuta sunansu, ana ɗaukarsu hoto, ana cewa su saurari kira, shiru kake ji. In ba ku warware ba, za su zauna jiran abin da ba ku yi alkawari ba, ku kuma ku shiga sahun waɗanda suka yaudare su.

Kada ku tambayi yadda ya mutu, ko a wane hali aka sami gawar. In suna son faɗa za su faɗa da kansu, ku saurara, kada ku katse, kada kuma ku yi saurin cewa "a yi haƙuri" don ku rufe musu baki. Tambayarku ita ce wane irin mutum ne. Me yake so? Da wa yake zama? Me yake shirin yi a rayuwarsa? Matan kwamitinmu sun shiga wurin wata dattijuwa da ta rasa ɗanta saurayi, mai koyon ɗinki. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana ta jan carbi. Can sai ta ce, "Na zuba masa abinci, ya ce, Umma rufe min, na makara, sai na dawo masallaci." Daga nan ta tashi ta buɗe adaka ta fito da wata riga da ya yanka bai gama haɗawa ba, allurai na nan a soke a wuyanta. Abin da muka rubuta a shafinsa ke nan: yana koyon ɗinki, ya kusa yaye, ba ya wasa da sahun gaba, kuma ya bar riga a yanke. Duk yaron da ya karanta wannan shafi ya san mutum aka kashe.

In za ku naɗi murya a waya, ku nemi izini, ku kuma faɗi wanda zai ji. In sun ce a rubuta suna amma kada a karanta a bainar jama'a, a sa alama a shafin, a kiyaye. In sun ƙi gaba ɗaya, ku yi addu'a ku tashi, kada ku koma ta bayan gida ku samo labarin wurin maƙwabta. Sai kuma matar da ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, shekaru suka ja, ta yi wani aure. Wannan a bi ta hannun iyayenta ko dangin marigayin, da sanin mijinta na yanzu. Ba ma so garin tunawa da mamaci mu girgiza gidan mai rai.

Waɗanda suka tsaya a ranar

Littafin yana da ɓangare na biyu, na mutanen da suka nufi wurin lokacin da kowa yake gudu daga gare shi. An hana acaɓa a Kano tun Janairun 2013, saboda haka 'yan adaidaita sahu ne da masu motocin gida suka yi ta jigilar masu rauni, kujerunsu sharkaf da jini, babu wanda ya tsaya maganar kuɗin mota. Akwai matasan da suka tunkari 'yan bindigar hannu rabbana. Akwai waɗanda suka ji sanarwar ana neman jini suka garzaya Asibitin Murtala da na Nassarawa da na Malam Aminu Kano suka miƙa hannu. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da suka kwana a tsaye. Akwai kuma waɗanda kusan ba a taɓa ambata ba: masu wankan gawa, telolin da suka ɗinka likkafani cikin dare, da masu haƙar kabari.

Ƙa'idarmu a nan ita ce shaida biyu. Shekaru suna sa labari ya kumbura, wanda ya ɗauki mutum uku sai a wayi gari ya ɗauki talatin, wanda yana gida ma sai ya zama yana wurin. Ba a rubuta wa kowa aikin jarumta sai mutum biyu da ba danginsa ba sun tabbatar. Kuma a tambayi mai aikin. Da yawansu za su ce don Allah suka yi, ba sa so a ambace su. A girmama wannan, a rubuta aikin a bar sunan: "wani ɗan adaidaita daga layin kaza". Wanda ya yarda, a je har gida a gode masa, a ba shi takardar godiya da sa hannun mai unguwa da liman. In yana cikin wani hali, a duba shi. Babu kyau a yabi mutum a lasifika alhali babur ɗinsa yana jingine babu kuɗin gyara.

Ina kuma ganin ya kamata yaranmu su san jaruman sauran ranakun, domin masifar ba kwana ɗaya ta yi ba. Dogarai da direban marigayi Sarki Ado Bayero da suka rasu ranar 19 ga Janairun 2013 lokacin da aka kai wa ayarinsa hari. Mata tara masu rigakafin shan inna da aka harbe a bakin aikinsu ranar 8 ga Fabrairun wannan shekarar. Enenche Akogwu, ɗan jaridar gidan talabijin na Channels, da aka kashe yana ɗauko rahoto ranar 20 ga Janairun 2012. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da ya kwanta dama a fagen daga a Malam Fatori ta jihar Borno ranar 4 ga Nuwamban 2016. Sojoji suna da ranar 15 ga Janairu da ƙasa take tunawa da su duk shekara. Mai haƙar kabari da matar rigakafi ba su da rana, sai wadda muka ba su.

Ranar kanta

Kowa ya san malamanmu sun saɓa a kan keɓe rana don mamaci, kamar yadda suka saɓa a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. A unguwarmu akwai ɗan ɗariƙa, akwai ɗan Izala, kuma dukansu sun binne nasu a rana ɗaya. Shawarata ita ce kada ku bari wannan muhawara ta cinye aikin. Ku zauna da malaman ɓangarorin tun kafin a sa rana, ku tsaya a kan abin da babu mai musunsa: addu'a ga mamaci, ziyarar maƙabarta, sadaka mai gudana, riƙon maraya, duba marar lafiya. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita ya yi wa shahidan Uhudu addu'a bayan shekara takwas da rasuwarsu. Mu ba mu ƙirƙiri wata ibada ta musamman ba, ba mu kuma ɗaure kanmu da kwanan wata ba. Wani lokaci Juma'ar ƙarshen Nuwamba muke ɗauka, wani lokaci a cikin watan Safar, tunda a Safar na 1436 abin ya faru.

Ana roƙon liman ya taɓo maganar a huɗuba: alfarmar jinin ɗan Adam, haƙƙin maraya, haƙƙin maƙwabci. Bayan an sallame, wanda yake da hali ya zauna. Sai a karanta sunayen, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ana ɗan tsagaitawa tsakani don jama'a su ce Allah ya jiƙansa. In 'ya'yan mamatan za su iya, su ne suka fi dacewa su karanta; in murya ta sarƙe, wani ya karɓa ba tare da an mai da abin kallo ba. A bi sunayen layi-layi na unguwa ko bisa harafi. Kada a sa attajiri a gaba almajiri a baya, sahu ɗaya suka tsaya. A Amurka, duk ranar 11 ga Satumba dangi suna taruwa a birnin New York su karanta sunayen mutum kusan 3,000 da aka kashe a 2001, abin yana ɗaukar sa'o'i, ba sa tsallake kowa. Namu na unguwa bai kai rabin sa'a ba.

Washegari da safe a tafi maƙabarta, kuma a tafi da fartanya da shebur da kwando. In a Nuwamba ne, damina ta wuce, ciyawa ta rufe hanyoyi, kaburbura da dama sun rufta. A yi sallama ga mazauna wurin, a yi addu'a, sannan a cike ramuka, a yi shara, a toshe inda katanga ta zube. A riƙe wani abu a ba masu kula da maƙabartar.

Abubuwan da muka hana kanmu kaɗan ne amma ba ma sassauci a kansu. Babu anko, babu rumfa da kujeru, babu kalanda mai hoton wanda ya ɗauki nauyi. Ɗan siyasa in ya zo, maraba, ga tabarma, amma ba a miƙa masa lasifika. Ba a ambatar sunan waɗanda suka kai harin ko shugabanninsu a wurin, ranar ba tasu ba ce. Sannan a ja kunnen matasa a kan hotuna. Duk shekara sai ka ga an tono hotunan gawarwaki ana yaɗawa a WhatsApp da Facebook da sunan tunawa. Wanda yake kwance cikin jinin nan uban wani ne, kuma ɗansa yanzu yana da waya. In hoto ake so, a nemi izinin gida a sa wanda mutum yake raye, da hularsa, yana murmushi.

A sanar da 'yan sanda na yankin da 'yan sintirin unguwa kafin ranar. A gwada lasifika tun kafin mutane su taru, don ƙarar bazata tana iya tayar da hankalin wanda ya tsira daga bam. Irin waɗannan a bar su su zauna kusa da ƙofa, in sun tashi sun fita kada a bi su da ido.

In kuna son abin da zai haɗa matasa, ku shirya ba da jini, shi ne gadon da mutanen ranar suka bar mana. A fara tuntuɓar ma'ajiyar jini ta asibiti, su faɗi adadin da za su iya karɓa. Mai bayarwa ya kasance ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana da lafiya, ya kuma ci abinci. Jinin da aka ɗiba ba ya wuce kimanin mako biyar zuwa shida a ajiye, don haka ya fi amfani a raba masu bayarwa rukuni-rukuni a cikin shekara a kan a kwashe kowa rana ɗaya.

Waɗanda aka bari

Karanta suna sau ɗaya a shekara abu ne mai sauƙi. Inda ake gane gaskiyar unguwa shi ne sauran watannin. Jaririn da aka bari a goye a 2014 ya isa shiga sakandare. Waɗanda suke firamare a lokacin sun kai neman jami'a, ko sana'a, ko aure. Buƙatarsu ta sauya, buhun shinkafar azumi ba ya biyan ta. Ku koma shafin kowane mamaci ku bi 'ya'yansa ɗaya-ɗaya: wa yake makaranta, wa ya daina, me ya sa. Kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB yana daga cikin abin da yake tsayar da yaran nan, kuma abu ne da mutum goma za su iya haɗawa. A biya kai tsaye a makaranta, a karɓo rasit. Wanda karatu bai karɓe shi ba, a nema masa ubangida na kirki a Kantin Kwari ko Kurmi ko wurin masu gyaran waya a Farm Centre, a kuma riƙa leƙa shi. Yarinya in aurenta ya tashi, kayan ɗaki nauyin unguwa ne. A kuma sa ido a kan gado, cikin hikima, ta hannun malamai da dattawan dangi, domin wani marayan ba talauci ne ya kayar da shi ba, gidan ubansa aka sayar yana ƙarami.

Ana ba da wannan taimako a rufe. Kada a jera marayu a ɗauke su hoto da leda a hannu. Yaron da aka kashe ubansa a sahun sallah bai kamata ya biya kuɗin makarantarsa da mutuncinsa ba.

Masu rauni kuwa su ne aka fi bari a baya, saboda an yi musu barka an wuce. Akwai mai ɓaraguzan ƙarfe a jiki har yau, akwai wanda dodon kunnensa ya fashe, akwai mai ƙafar roba da take buƙatar sauyi. Irin wannan Asibitin Ƙashi na Dala za a raka shi. Akwai kuma raunin da ba a gani. Ina da maƙwabci da tun daga ranar bai ƙara shiga babban masallaci ba, sai ƙaramin da ke bakin layi, kuma ko tayar mota ta fashe sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa. Kada wani ya ce masa raunin imani ne. Ciwo ne sananne, likitocin ƙwaƙwalwa suna maganinsa, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. A yi masa addu'a, a kuma sami wanda yake jin maganarsa ya raka shi, ba tare da an yayata ba.

Duk wannan yana son kuɗi, kuɗi kuma shi yake kashe kwamiti. A buɗe asusun banki da sunan kwamitin, mutum uku masu sa hannu, kada kuɗi ya kwana a aljihun kowa, har da nawa. A karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a, ba tare da ambatar sunan wanda aka taimaka ba. Karo-karon wata-wata, ko kaɗan ne, ya fi gidauniyar rana ɗaya da ake alkawari a lasifika a kasa cikawa.

In an sami rara ana son abin da zai daɗe, ga rijiyar burtsatse, ga aji a makarantar unguwa, ga itatuwan darbejiya a maƙabarta. Ba mu da al'adar gunki, ba ma gini a kan kabari. Ɗan allo mai kwanan wata da roƙon addu'a ya wadatar. Sai dai duk wanda zai haƙa rijiya ya ware kuɗin gyaranta tun ranar farko.

Akwai abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana Musulmi kai tsaye. Hannun da ya kashe mutanenmu a sahu shi ne ya kashe aƙalla mutum 185 a faɗin Kano ranar 20 ga Janairun 2012, Musulmi da Kirista, ɗan sanda da ɗan kasuwa. An kashe Kiristoci suna tsakiyar ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilun 2012, an kuma tayar da bam a tashar New Road da ke Sabon Gari ranar 18 ga Maris ɗin 2013. In akwai wanda ya zauna a unguwarku, ko abokin aikinku, ko maƙwabcin shagonku da ya rasu a waɗannan ranaku, yana da shafi a littafin, ko wane ne shi, kuma iyalinsa suna da haƙƙin a je a gaishe su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Agusta tun 2017 don tunawa da waɗanda ta'addanci ya shafa. Rana ce da za a iya haɗuwa da mutanen Sabon Gari a zauren makaranta ko na ƙaramar hukuma, kowa ya kawo sunayen nasa.

Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai ƙarfinsu. Ba sai an siffanta musu jini ba. A ce musu wasu mutane masu da'awar addini sun kashe masu sallah, malamai na kowane ɓangare sun yi tir da su, mutanen gari sun ɗauki 'yan'uwansu sun ba da jininsu, Sarki Muhammadu Sanusi II ya dawo daga tafiya washegari ya je masallacin ya ce ba za a tsorata Musulmi su bar addininsu ba, kuma an wanke masallacin an ci gaba da sallah a cikinsa. Malamin aji zai iya ba ɗalibai aikin gida su tambayi wani babba a gidansu inda yake a ranar, su rubuto. Amma ya fara duba ko akwai marayan ranar a ajin, ya yi magana da shi a keɓe tukuna.

Littafin kansa kada ya zama kwafi ɗaya. Gara tana ci, rufi yana yoyo, waya tana ɓata, magatakarda yana mutuwa. A sami matashi mai kwamfuta ya buga shi, a ajiye ɗaya a masallaci, ɗaya wurin mai unguwa, a kuma nemi masu adana tarihi a Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa, ko Gidan Mambayya, a miƙa musu na uku. Kwafin da zai fita daga unguwa a cire masa lambobin waya da kwatancen gidaje da sunayen yara, a kuma cire duk shafin da masu shi suka ce a rufe. Muryoyin da aka naɗa a juye su wuri biyu, a rubuta wa kowace sunan mai magana da ranar da aka ɗauka.

Duk shekara, mako biyu kafin ranar, a sake zagaya gidajen a sabunta shafukan: wa ya gama makaranta, wa ya yi aure, wace uwa ce ta bi ɗanta, wa ya tashi daga unguwa kuma ina ya koma. Wannan zagayen a riƙa tafiya da matasa biyu, mace da namiji, su ga yadda ake sallama da yadda ake tambaya, a kuma bar su su riƙe biro.